Captopril

Captopril maganin hawan jini ne da ciwon zuciya, daga rukunin magungunan da ke hana jiki samar da sinadarin da ke matse jijiyoyin jini. Masana na kamfanin Squibb ne suka haɗa shi a 1975, bayan nazarin dafin wani maciji na Brazil. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi ranar 6 ga Afrilu 1981.

Ana shan ƙwayar sau biyu ko uku a rana, awa guda kafin cin abinci. Yakan jawo busasshen tari da jiri idan mutum ya miƙe tsaye. Kumburin leɓe ko harshe, wanda ya fi yawa ga baƙar fata, na bukatar zuwa asibiti nan take. Ba a ba mai juna biyu, domin yana cutar da ɗan tayi.

A yankuna masu tsananin zafi kamar Filinge da ƙasar Kurfai a Nijar, yawan zufa, gudawa ko amai na iya sa jinin mai shan maganin ya faɗi, ƙoda ta taɓu. Haɗa captopril da ibuprofen ko diclofenac na ƙara wannan haɗari. Likitoci kan auna aikin ƙoda kafin a fara sha da bayan an fara.