Wushiryar da Ta Jawo Gardamar Shekara Ɗari

A shekarar 1860 wani likitan haƙori a San Faransisko, Emerson Angell, ya ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 14 da haƙoranta na sama suka cunkushe. Maimakon ya cire mata haƙori, sai ya gitta wani ƙarfe a ganɗarta, ya tokare haƙoran dama da na hagu, ya ba ta ɗan makulli ta riƙa murɗawa kamar mai ɗaga mota da jak. Mako biyu ke nan sai ga wushirya ta fito. Da a wurinmu ne, cewa za a yi yarinya ta ƙara kyau. Shi kuwa Angell hujja ya gani: ƙasusuwan nan biyu da suka haɗu a tsakiyar ganɗa sun rabu, muƙamuƙin sama ya faɗaɗa.

Manyan sana'ar suka ce ina! Mujallar Dental Cosmos ta buga rubutun, amma masu tace ta ba su ɓoye shakkarsu ba. Ni dai ban ga laifinsu sosai ba. Sai a 1895 Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, to da me Angell zai nuna musu abin da ke ƙarƙashin nama?

Haka dabarar ta yi ta faɗi-tashi. Likitocin hanci sun ɗan rungume ta a farkon ƙarni na 20 don samar wa numfashi hanya, daga baya Amurka ta yi watsi da ita. A 1956 wani Bajamushe, Gustav Korkhaus, ya ziyarci Jami'ar Ilinoi da hotunan waɗanda ya yi wa aikin. Wani matashi a can, Andrew Haas, ya gwada a kan aladu, sannan a kan yara, ya buga sakamakon a 1961. Gardamar ko ganɗa tana buɗewa ta mutu daga nan.

Sai aka koma kan tambayar da ta fi damun iyaye: yaron da aka buɗe wa ganɗa yana ɗan shekara tara, yaya fuskarsa za ta kasance in ya zama saurayi? Abin da aka fara gani ya tsorata wasu. Robert Wertz ya nuna a 1970 cewa ganɗar ta fi buɗewa ta gaba, kuma muƙamuƙin ƙasa kan ɗan sauka ya ja baya. Aka shiga fargabar cewa mai doguwar fuska sai ta ƙara tsawo.

A ganina masu bincike a Danmak ne suka fi kowa haƙuri a wannan fage. Arne Björk ya ƙirƙiro dasa 'yan ƙananan ƙarafa a cikin ƙashin yara, su zama alamar da ba ta gusawa, a riƙa ɗaukar hoto shekara bayan shekara. Da wannan hanya Aage Krebs ya gano cewa faɗin da ake gani a baki ba duka na ƙashi ba ne. Kaso mai yawa haƙora ne suka karkata waje, wani ɓangaren kuma yakan koma bayan an cire ƙarfen. A 1975 Birte Melsen ta bincika ganɗar mamata masu shekaru daban-daban, ta ga mahaɗar a sake take a ƙuruciya, tana ƙara sarƙewa da girma har ta ƙi buɗuwa da murɗa ƙarfen kaɗai.

Binciken James McNamara da abokan aikinsa a Mishigan, a 1997 da 2001, ya bi yaran har suka girma. Saukar haɓar nan ashe ta ɗan lokaci ce; tsawon fuska da fitowarta gaba ba su bambanta da na waɗanda ba a taɓa su ba. Faɗin ƙashi kuwa ya fi ɗorewa ga wanda aka yi wa kafin tashen balaga. Wani nazari na 2005 da ya tattara binciken baya ya ƙiyasta cewa abin da ke saura a ƙashin irin waɗannan yara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na faɗin da haƙora suka samu. 'Yan milimita ne, sun isa gyara cizo, amma ba su kai su sauya wa mutum kamanni ba. Shi ya sa nake jan baki in na ji ana tallan aikin da alkawarin sabuwar fuska. Wushiryar ma kan rufe da kanta cikin 'yan watanni.

Ga manya, da sai an haɗa da tiyata. Tun wajen 2010 likitoci a Koriya ta Kudu suka fara kafa ƙarfen da ƙananan kusoshi a ƙashin ganɗa kai tsaye, haƙora su huta. Waɗanda aka yi wa haka ba su daɗe sosai da aikin ba tukuna.