Iyakar Bagudo da Benin: Tarihin Zirga-zirgar Masu Neman Aiki

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa zirga-zirgar masu neman aiki a ƙasar Bagudo ta girmi iyakar da ake tare su da ita, kuma izinin ƙetare iyaka daban yake da izinin yin aiki.

Kafin zuwan Turawa, Illo babban zango ce a gefen Kwara, inda fataken goro ke yada zango kan hanyarsu ta zuwa Gwanja. 'Yan alaro da masu fito da 'yan cin rani suna kaiwa da komowa tsakaninta da Dandi da Bargu. Sarakuna kan karɓi fito, amma ba su tambayar baƙo takardar aiki.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta ran 14 ga Yuni, 1898, ita ta raba Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa kuwa hannun Ingila. Dangi ɗaya suka wayi gari ƙarƙashin tuta biyu. Sa'an nan aikin tilas, wanda Faransa ba ta soke ba sai 1946, ya riƙa koro talakawan Dahome zuwa wannan ɓangare.

An kafa ECOWAS a Legas cikin 1975. Yarjejeniyarta ta Dakar, ta 1979, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, amma ba ta ba shi izinin kama aiki nan take ba. Wannan giɓi ya fito fili a Janairun 1983: da kuɗin mai ya faɗi, gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. Gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ba a buɗe ba sai 1986. An sake rufewa a Agustan 2019.

Kammalawa

A ganina, darasin a fili yake. Rufe ƙofa a Lolo ko Tsamiya ba ya hana ɗan ƙodago ƙetarawa, domin gona ba ta jiran takarda. Sai dai ya bi ta daji ko ta ruwa, ya zama ba shi da bakin kai ƙara in an danne masa lada. Ashe nauyin dokar a kan talaka yake sauka.