Labarin Baro, Tasowarta da Komawarta Baya

Baro wani ƙauye ne na Nufawa a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Agaie. Da fari mutanenta ba su da wata sana'a sai su da noma, har zuwa shekarar 1907, sa'ad da aka naɗa Girouard Gwamnan Arewa. Shi kuwa gwanin aikin hanyar jirgin ƙasa ne. Da ya duba ya ga jiragen ruwa na iya tasowa daga bakin teku su iso Baro, sai aka shirya a fara shimfiɗa dogo daga nan zuwa Kano, tafiyar fiye da mil 350.

Aikin nan bai yiwu ba sai da hannun sarakuna. Su suka umarci hakimai da dagatai su tara leburori, ƙasa ƙasa, kowace ƙungiya ta yi kwanakinta ta koma gida, wata ta karɓe ta. Jiragen ruwa suka yi ta sauke ƙarafa da injuna a Baro. Kafin a jima wuri ya cika da maƙera, da akawuna, da fatake, da masu sayar da abinci, kamfanonin Turawa suka gina kantuna da ɗakunan ajiya. Cikin 1911 jirgi ya shiga Kano, aka fara gangaro da gyaɗa da fatu ana loda su a Baro.

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Kwara takan janye da rani, manyan jirage ba su iya isowa sai lokacin cikowa, watanni kaɗan a shekara. Ga shi kuma an haɗa dogon Ikko da na Baro a Minna. Da aka gama gadar Jebba cikin 1916, sai kaya suka riƙa wucewa Ikko kai tsaye, ba sauyin jirgi. Sannu a hankali ciniki ya ragu, baƙi suka watse, daga baya jirgin ma ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo.

Cikin 2019 Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro, don a mai da ita yadda take a da. Abin lura ga masu riƙon ƙasa shi ne, arzikin Baro duk a kan hanya guda ya rataya, ranar da hanyar ta kauce kuwa ya bi ta. Allah Ya raya ƙauyukanmu, amin.