Gawar da Ta Ɓace a Sanagal: Tarihin Fim ɗin Guelwaar

Hausawa kan ce mutuwa mai tonon asiri. Ranar da mai gida ya faɗi, bashin da ya ɓoye yakan yi sallama, matar da ya aura a wani gari takan iso da goyo, 'yan'uwan da suka shekara goma ba sa ga-maciji su zauna a tabarma ɗaya. Masu shirya fim sun daɗe da gane cewa zaman makoki wuri ne da kuka da dariya suke maƙwabtaka. A 2007 Frank Oz ya shirya Death at a Funeral a Ingila, inda aka fara da kawo wa iyali gawar wani daban, daga baya wani baƙo ya ɓullo da hotunan da suka tona rayuwar mamacin ta ɓoye. An sake shirya shi a Amurka a 2010 tare da Chris Rock. A Najeriya ma kamfanin EbonyLife ya fitar da Chief Daddy a 2018, labarin attajirin Legas da ya mutu ya bar iyalai na fili da na ɓoye suna kokawar gado.

Shekara 15 kafin fim ɗin Ingila, wani dattijo ɗan Sanagal ya riga ya yi irin wannan fim, kuma nasa ya fi nauyi, domin asirin da ya tono ya wuce na gida ɗaya, ya shafi ƙasa ɗungurungum. Sunan fim ɗin Guelwaar, ya fito a 1992, mai shirya shi kuwa Usman Sembene ne, wanda ake yi wa laƙabi da uban fina-finan Afirka.

Ɗan dako da kyamara

An haifi Sembene a 1923 a garin Ziguinchor da ke yankin Casamance a kudancin Sanagal. Ɗan masunci ne, kuma bai yi nisa a boko ba aka kore shi daga makaranta. A 1944 aka ɗauke shi sojan Faransa ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi ya tsallaka Faransa, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya shiga ƙungiyar ƙwadago, a nan kuma ya fara rubutu. Littafinsa na farko ya fito a 1956. Wanda ya fi shahara, Les Bouts de bois de Dieu na 1960, ya ba da labarin yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Bamako da aka yi daga 1947 zuwa 1948.

Bayan samun 'yancin kai ya lura da abin da ya dame shi: yana rubutu da Faransanci, mutanen da yake rubutu dominsu kuwa yawancinsu ba sa karanta shi. Sai ya tafi Mosko a farkon shekarun 1960 ya koyi shirya fim. Ya yi Borom Sarret a 1963, da La Noire de… a 1966, sannan Mandabi a 1968, wanda ya yi da harshen Wolof don mai talla da direba su ji da kunnensu. Daga nan ya yi ta takun-saƙa da masu mulki. Gwamnatin Shugaba Leopold Senghor ta hana nuna Ceddo na 1977, bisa hujjar wai ba a rubuta sunan da harafin d biyu. Camp de Thiaroye na 1988 ya tono kisan da sojojin Faransa suka yi wa sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu, ranar 1 ga Disamba 1944. Lokacin da ya zo yin Guelwaar yana dab da shekara 70, kuma babu sauran wanda yake shakka.

Suna da ƙasa

Mu a nan mun fi sanin Sanagal ta hanyar Kaulaha, garin Shehu Ibrahim Inyass, inda dubban 'yan Tijjaniyya daga ƙasar Hausa suke zuwa ziyara. Kaulaha tana cikin tsohuwar masarautar Saloum, kuma daga can sunan fim ɗin ya samo tushe. Guelwaar sunan gidan sarauta ne da ya mulki masarautun Serer na Sine da Saloum tun ƙarni na 14, ana gadon sarautar ta ɗakin uwa, har zuwa 1969 da sarakunan ƙarshe suka rasu. Idan aka kira mutum da wannan suna ana nufin ɗan asali wanda ba ya sunkuyar da kai.

Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Sanagal Musulmi ne, Kiristoci kuwa 'yan tsiraru ne, yawancinsu 'yan Katolika. Duk da haka Senghor, ɗan Katolika, ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan manyan shehunan ɗariƙu. A Fadiouth akwai maƙabartar da ake binne Musulmi da Kirista a cikinta. Ƙasar tana alfahari da wannan zaman lafiya, Sembene kuwa ya so ya taɓa shi ya ga ƙwarinsa.

Takarda ɗaya, gawa biyu

Labarin ya fara ne da mutuwar Pierre Henri Thioune, wanda ake kira Guelwaar, dattijo ɗan Katolika mai kaifin harshe. An taru, an yi girki, limamin coci ya shirya, aka je ɗakin ajiye gawa na asibiti, gawa ta ce ɗauke ni inda kuka ajiye. Wani jandarma mai suna Gora ya bi sawu, ya gano cewa an miƙa ta ga iyalan wani Musulmi mai suna Meyssa Ciss, su kuwa sun yi mata sutura sun binne a maƙabartar ƙauyensu. Silar rikicin takarda ce da aka rubuta da Faransanci, wanda ya karɓi gawar kuma ba ya karanta shi. Mu da sana'armu ta rubuta manhajar kwamfuta ce mun san dokar: idan mai cike fom bai fahimci abin da ke gabansa ba, laifin na wanda ya tsara fom ɗin ne. Shekara 32 bayan 'yanci, gwamnati tana yi wa talakawanta magana da harshen da ba sa ji, hatta a kan gawarsu.

Daga nan abin dariya da abin tsoro suka cakuɗe. Kiristoci suka ɗauki akwatin gawa babu kowa a ciki suka nufi ƙauyen. Mutanen ƙauye suka ce ɗan'uwansu suka binne, kuma babu mai taɓa kabari. Aka ɗauko sanduna. Babban ɗan mamacin, Barthelemy, wanda ya dawo daga Faransa, yana ta hura hanci da fasfo ɗinsa na Faransa yana zagin Afirka, jandarma Gora yana ba shi amsa cikin sanyi. Ɗan majalisar yankin ya iso, makaminsa na lallashi kuwa kayan agaji ne.

Abin da makoki ya tono

Kafin a warware, asirai sun yi ta zuba. Gidan Guelwaar da kuɗin 'yarsa Sophie yake ci, ita kuwa karuwanci take yi a Dakar, kowa ya sani amma babu mai faɗa. Ɗan da ya zauna tare da iyayen, Aloys, gurgu ne da ba a cika lissafawa da shi ba. Tsofaffin abokan mamacin suna tuna yadda a ƙuruciya ya taɓa yin shigar mata don ya shiga wurin matar wani ladan. A wurin da ya fi taɓa zuciya, uwargidansa Nogoy Marie ta shiga ɗaki ta tsaya kan kwat ɗinsa da aka shimfiɗa a gado, ta amayar masa da abin da ta shekara tana haɗiyewa: ya yi suna a waje yana kare mutuncin jama'a, ita ya bar ta da ɗawainiya da kunyar abin da ake ciyar da gidan da shi. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ranar nan cikin Nogoy ya cika.

Babban asirin shi ne yadda ya mutu. Dukan kawo-wuƙa aka yi masa bayan ya tashi a wani taron rabon kayan agaji, a gaban manyan gwamnati da baƙin da suka kawo kayan, ya ce al'ummar da ta mai da ƙoƙon bara gadon da take bar wa 'ya'yanta ta zubar da mutuncinta. Sembene bai wanke gwarzonsa ba. Mutumin da ya tsani bara a bainar jama'a ya yarda ya ci daga hannun 'yarsa, har yana ganin sana'arta ta fi roƙo daraja. Da yawanmu ba za mu karɓi wannan ma'auni ba, fim ɗin ma bai tilasta mana ba. Ya ajiye mana mutum ne da gaskiyarsa da ƙazantarsa, ya bar mu mu auna.

Tarihin buhun agaji

Fushin Guelwaar yana da tushe. Turawan mulkin mallaka sun karkatar da manoman Sanagal ga noman gyaɗa don masana'antun mai na Faransa, suka cike giɓin abinci da ɓarzajjiyar shinkafa daga yankin Indochina, har ta zama cimar yau da kullum. Wanda ya san tarihin dalar gyaɗa ta Kano ya san irin wannan ciniki. A 1954 Amurka ta kafa dokar agajin abinci da ake kira PL 480, wadda ɗaya daga manufofinta shi ne samar wa rarar hatsin manomanta mafita. Sai fari ya auka wa yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974, ya sake dawowa a tsakiyar shekarun 1980. Agaji ya ceci rayuka, wannan babu musu. Amma ya kuma karya farashin hatsin gida a wurare da dama, ya zama jarin siyasa a hannun mai rabo. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski. Daga 1979 Sanagal ta shiga tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, kuma a Janairun 1994, ƙasa da shekara biyu bayan fitar fim ɗin, aka rage darajar kuɗin sefa da rabi.

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountche ya kifar da gwamnatin Hamani Diori a Nijar, kuma cikin manyan hujjojin sojoji akwai zargin karkatar da abincin agajin fari. A 2005 yunwa ta taɓa Maraɗi da Damagaram da Tawa, aka yi ta jayayya tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan sunan da za a kira abin. A Oktoban 2020 kuma mun ga yadda jama'a suka fasa rumbunan tallafin korona a Jos da Kaduna da wasu garuruwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yadda aka rabu

Wanda ya kashe wutar a fim ɗin limamin ƙauyen ne, Biram. Ya tsaya gaban mutanensa da ke huci, ya ce a duba gaskiya, aka buɗe kabari, aka tabbatar Guelwaar ne, aka miƙa shi ga danginsa. Sembene, wanda aka sani da ra'ayin gurguzu da sukar malaman addini a Ceddo, a nan ya ba liman da limamin coci matsayin masu hankali, ya ɗora wautar kan 'yan siyasa da masu zuga. A hanyar komawa gida, matasan da ke rakiyar gawar suka ci karo da motar kayan agaji. Suka sauke buhunan, suka farke su a kan hanya, amalanken da ke ɗauke da gawar ya bi ta kan hatsin. Ga duk wanda ya taso a gidan da ake tsince ƙwayar tuwo daga ƙasa don girmama abinci, wannan kallo yana da ciwo, kuma da gangan aka yi shi ya yi ciwo.

An nuna Guelwaar a bikin fina-finai na Venice a Italiya a 1992, ya samu lambar zinare ta shugaban majalisar dattawan ƙasar. Baaba Maal ne ya yi kiɗansa, Thierno Ndiaye Doss ya fito a matsayin Guelwaar. A 1996 Sembene ya mai da labarin littafi, saɓanin al'adarsa ta fara littafi kafin fim. Ya ƙara fina-finai biyu, Faat Kine a 2000 da Moolaade a 2004, ya rasu a Dakar ranar 9 ga Yuni 2007.

Akwai abin ɗauka a nan ga marubutanmu da masu shirya fim a Kano da Kaduna da Damagaram. Mu muna gaggauta binne mamaci kamar yadda addini ya koyar, don haka namu asiran sukan jira sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da watannin takaba, da ranar rabon gado. Mun sha ganin waɗannan a allo, amma yawanci labarin yakan tsaya kan kishiya da ƙanin miji mai haɗama. Sembene ya nuna cewa daga tabarmar makoki ana iya hango ofishin da ya rubuta takarda, da ɗan majalisar da ya riƙe mabuɗin sito, da jirgin ruwan da ya kawo buhu. Duk wanda ya samu fim ɗin ya kalle shi da iyalinsa, sannan a zauna a yi gardama kan buhunan da aka farke: wulaƙanta abinci ne ko ƙwato mutunci? Shekara fiye da 30 ke nan, kuma gardamar ba ta mutu ba.