Yadda Talotalon Daji Ya Komo Dazuzzukan Amurka

Talotalon da ake kiwo a gida, asalinsa tsuntsun daji ne na Amurka ta Arewa. Sa'ad da Turawa suka soma zama a can, sun tarar da shi jingim a dazuzzuka. Sai suka shiga sare itatuwa domin noma, suna harbinsa rani da damina, suna kai namansa kasuwa, ba mai hanawa. A jihar Konetikat an daina ganinsa tun 1813, a Masacusets kuwa tun 1851. Zuwa wajen 1930 ya ɓace sarai daga jihohi da dama.

Sa'an nan hankali ya soma komowa. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin bindiga da harsashi ya tafi wajen kula da namun daji. Da fari an yi ta ƙyanƙyashe tsuntsayen a keji ana sakinsu, amma suka mutu, gama ba su san zaman daji ba. Sai a 1951, a Karolina ta Kudu, aka soma kama na daji da raga wadda ake cillawa da albarushi, ana kai su inda suka ƙare. Wannan dabara ta ci nasara. A 1973 yawansu ya kai wajen miliyan 1.3, bayan shekara ta 2000 kuma ya kusa miliyan 7, ko da yake daga baya ya ragu a waɗansu jihohi.

Da haka farautar Afrilu da Mayu ta bazu, wato lokacin da sanyi ya wuce, tsuntsayen suna barbara. Doka ta ce mai gemu kaɗai za a harba, galibi namiji ke nan, domin matan su kwanta a kan ƙwai. Maharbi yakan fita tun da asuba, ya zauna a gindin itace, ya saurari kukan namijin daga reshen da ya kwana. Sa'an nan ya kwaikwayi muryar macen da ɗan akwatin katako, ko da ƙashin fiffike, yadda 'yan asalin ƙasar suka yi tun dā. A al'ada macen ce take zuwa wurin namijin, don haka jawo shi sai mai haƙuri. Idonsa kuwa da kaifi, motsi kaɗan ya isa ya kore shi.

Sau da yawa maharbi yakan koma gida hannu wofi, duk da haka ba ya cewa ya yi asarar yini. Ya ga ketowar alfijir, tsuntsu ya amsa kiransa, wataƙila kuma ɗansa yana gefensa yana koyo. Maharban dā sun cika kasuwa da nama, suka bar wa jikokinsu daji shiru. Na baya suka yarda su harbi ɗaya ko biyu, su bar sauran, domin a sāke jin wannan kuka baɗi.