Yadda Ake Haɗa Kwamfuta da Dikoda Domin Kallo da Naɗar Shirye-shirye

Masu bibiyar Kwana Casa'in ko Daɗin Kowa a Arewa24 sun san takaicin a saka shiri mutum yana kasuwa ko wurin aiki. Kwamfutar da ke gida za ta iya naɗe maka shi, in ka dawo ka zauna ka kalla a tsanake.

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne su ɗauko wayar HDMI daga dikoda su soka a laftof, su zauna jiran hoto. Ba zai zo ba. Ramin HDMI na yawancin laftof fitar da hoto kawai yake yi, ba ya karɓa. Dole sai da wata na'ura a tsakani, kuma irin tashar da kake kallo ce za ta nuna wacce za ka saya.

Idan tashar ta biyan kuɗi ce, kamar na DStv, GOtv ko StarTimes, dikodarka ce kaɗai ke iya buɗe ta. A nan ƙaramar na'urar kama hoto kake buƙata, wadda 'yan kasuwa ke kira kafca kad. Wayar HDMI ta fito daga dikoda ta shiga cikinta, ita kuma a soka ta a USB na kwamfuta. Sai dai wasu dikodojin suna da kariyar HDCP mai hana kwafa, sai ka ga allo ya yi baƙi ƙirin. Akwai kuma mai karɓar wayar nan mai kai uku: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Hotonta bai kai na HDMI kyau ba, amma tana aiki da tsofaffin dikodoji.

Idan kuwa tashoshin kyauta ne da ake kamawa da dish, tiyuna ta USB za ka nema mai ɗauke da rubutun DVB-S2. Wayar dish ɗin ce za ta shiga kai-tsaye, ba ruwanka da dikoda. Mai DVB-T2 ta eriya ce, ka duba da kyau kafin ka biya kuɗi. Kuma tiyuna ba ta buɗe tashar da aka kulle.

Wajen naɗa, manhajar OBS Studio kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux. Ka ƙara kafca kad ɗinka a jerin kayan bidiyo, ka tabbatar layin sauti yana motsi, sannan ka danna naɗa. Shawara mai muhimmanci: ka zaɓi tsarin MKV. In aka ɗauke wuta ana tsaka da shiri, abin da aka riga aka naɗa yana nan, amma fayil ɗin MP4 na gama-gari kan lalace gaba ɗaya. Daga baya OBS ɗin za ta juya maka shi zuwa MP4 don kallo a waya.

Sai batun wuri. In ka saita megabit 5 a daƙiƙa, awa ɗaya za ta ci kusan gigabayit 2.25. Ka hana kwamfutar yin barci, kuma ka tuna dikoda ɗaya tasha ɗaya take fitarwa: yara suka canza zuwa katun, to katun za ka tarar.

Abu na ƙarshe, jama'a: naɗa don kallon gida daban, tura wa mutane a Telegram ko sayarwa a shagon tura finafinai daban. Wannan satar fasaha ce, kuma irinta ce ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Ka naɗa, ka kalla da iyalinka, ka bar masu shirin su ci guminsu.