TARIHIN WANI GIDAN RADIYON ƘAUYE A ƘASAR AMURKA



Yau za mu kawo muku labarin wani ƙaramin gidan radiyo da ake ce ma WPAQ. Shina wani gari mai suna Mount Airy, cikin jihar Karolina ta Arewa, a ƙasar Amurka. Garin ba babba ba ne, mutanensa wajen 10,000 ne, a gindin duwatsun Blue Ridge. Tun da can an san yankin da noman taba, da masaƙu, da fasa dutse. An kuma san shi da kiɗan ƙauye da suke kira kantiri, wanda ake yi da goge irin na Turawa, da gita, da banjo. Shi banjo ɗan uwan gurmi ne da molo, don kuwa bayin da anka kwasa daga Afirka ta Yamma su ne sunka kai asalinsa can.

Wanda ya kafa gidan radiyon sunansa Ralph Epperson. An haife shi a 1921 a ƙauyen Ararat, cikin jihar Birjiniya, kusa da iyaka da Mount Airy. Ɗan manomi ne, amma tun shina yaro hankalinsa shina ga radiyo, har ya koyi aikin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya komo gida, ubansa ya kama masa, sunka gina gidan. Ran 2 ga watan Fabrairu 1948 anka fara jin muryarsa bisa lamba 740, da ƙarfin wat 250 kaɗai. Daga baya ƙarfin ya kai wat 10,000 da rana. Da dare kuwa tilas a rage shi ƙwarai, saboda wata babbar tasha ta birnin Toronto a Kanada ita ke da haƙƙin wannan lamba in rana ta faɗi.

A Amurka ba a buɗe radiyo sai da izinin hukuma. Sa'ad da Epperson ya nemi izini, ya ɗauki alkawarin zai ba kiɗan yankinsa da mutanen yankinsa fili. Wannan alkawari shi ne gindin tarihin duka. Tun ranar farko makaɗan gari ne sunka shiga ɗakin watsa shiri, cikinsu har da Benton Flippen mai goge. A cikin 1948 ɗin nan anka soma shirin ranar Asabar mai suna Merry-Go-Round, inda makaɗa ke wasa kai tsaye jama'a na saurare. Shirin ya zama ɗaya daga cikin mafi daɗewa irinsa a ƙasar, daga baya kuma anka maida shi gidan siliman Earle a tsakiyar gari. Tommy Jarrell da Fred Cockerham, tsofaffin gwanayen yankin, an ji su a wanga gida. Manyan baƙi kamar Lester Flatt da Earl Scruggs su ma sun biyo ta nan.

To, a shekarun 1950 zamani ya juya. Telebijin ta shigo, samari sunka koma ma sabon kiɗa, gidajen radiyo da yawa sunka sallami makaɗa sunka koma sa faifan da anka buga a birni, don shi ya fi araha. Epperson bai bi su ba. Ya kuma yi wata dabara: in makaɗa sun zo, sai shi ɗauki wasansu a faifai ko zare shi ajiye. Da yawa cikinsu manoma ne da ma'aikatan masaƙa da ba wani kamfani da ya taɓa neman su. Yau ajiyar nan tana jami'ar jihar a garin Chapel Hill, kuma a 1999 kamfanin Rounder ya fitar da wani sashe nata. Da ba don haka ba, da muryoyin sun bi masu su kushewa.

Jarrabawa ta biyu ta zo a 1996. Kafin wannan shekara, doka ba ta yarda kamfani guda shi mallaki tashoshi fiye da 40 a ƙasar duka ba. Sabuwar doka ta cire wannan iyaka. Nan da nan manyan kamfanoni sunka shiga sayen ƙananan gidaje, har wani mai suna Clear Channel ya tara fiye da 1,000 cikin ƴan shekaru. A garuruwa da dama sunan tasha bai sake ba, amma mai magana shina wani birni mai nisa, bai san wanda ya rasu a gari ba, bai san ranar kasuwa ba.

Abin lura shi ne, gidan su Epperson ya fid da hanya biyu. Ƙanen Ralph, Stuart, tare da surukinsa sunka kafa kamfanin Salem, wanda ya kai ga mallakar tashoshi wajen 100 a manyan birane. Ralph kuwa ya zauna gida. Jiharsa ta ba shi lambar girma ta masu riƙon al'ada a 1991. Da ya rasu a 2006, ɗansa Kelly ya karɓi gidan, bai sake masa hanya ba. A 2007 anka sa shirye-shiryen bisa intanet, don ɗan gari da neman abinci ya kai shi nesa shi ji kiɗan gida inda duk yake.

Jama'a, abin da tarihin nan ke nunawa a fili yake. Injin radiyo ba shi da zaɓi, abin da mai shi ya zuba masa shi zai faɗi. Kiɗan Mount Airy ya tsira ne don mai gidan ɗan ƙasa ne, shina haɗuwa da masu saurarensa a kasuwa da wajen jana'iza, in ya saɓa alkawari za su tare shi su tambaye shi. Wanda ya saya daga nesa ba mai tare shi.

Allah shi ba mu riƙon amana. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.